Gyara Ba Wuta

A Magami, mutuwar harafi ɗaya a allon madannai ba ƙaramin al'amari ba ne. Sana'ata buga takardu: wasiƙun neman aiki, yarjejeniyar jinginar gona, jarrabawar makarantu. Idan madanni guda ya daina amsawa, aikin yini ya tsaya, kuma mai gyara yana Gusau. Duk wanda ya san hanyar Gusau zuwa Ɗansadau a shekarun nan ya san ba a hawanta sai da addu'a. Na sha auna harafi ɗaya da raina a sikeli guda.

Allo mai araha, wanda ke da shimfiɗar roba a ciki, in ya lalace sai bola. Allo na makunnai kuwa, irin tsarin Cherry MX da wani kamfanin Jamus ya fitar a shekarun 1980, kowane harafi da nasa makunni mai ƙafafu biyu na ƙarfe. A da, ƙafafun nan liƙe suke da dalma, wadda ba ta narkewa sai zafi ya haura digiri 180. Cire guda yana buƙatar ƙarfen liƙi, da lantarki mai tsayawa, da hannun gwani. Ukun nan ba su cika haɗuwa a garinmu ba.

Sai aka zo da ɗan soket, irin wanda kamfanin Kailh na ƙasar Sin ke ƙerawa. An riga an liƙa shi a bayan allon tun daga masana'anta. Aikinsa ya damƙe ƙafafun makunni kamar yadda kube ke riƙe wuƙa. Da ɗan hantsaki nake zare wanda ƙurar hunturu ta kashe, in duba ƙafafun sabo ko sun miƙe, in danna shi har ya zauna. In babu sabo, sai in ciro na wani madannin da ba na taɓawa in ba harafin da ke ciyar da ni.

Abin na da sharaɗi. Ya fi na roba tsada nesa ba kusa ba, ƙafar makunni na lanƙwashewa in an yi gaggawa, soket ɗin ma yana saki in an cika zarewa. Duk da haka, ranar da na harhaɗa allona da hannuna na fara ganinsa a matsayin nawa. Daga nan na yi ƙarfin halin shiga manhajarsa, na ware wa ɓ da ɗ da ƙ gurabensu, haruffan da ke cikin bokonmu tun shekarun 1930 amma masu ƙera alluna ba su san da zamansu ba. Wanda ya taɓa buga "bari" a wurin "ɓari" ya san nauyin wannan ƙugiya.

Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Na'urar da ba ka iya buɗewa aro ce, ko da kuɗinka ka saye ta. Abin da nake fata ga yaran da ke leƙen shagona shi ne su tashi suna tambayar kowace na'ura ta ina ake kwance ta.