Yaƙi bisa tabarma, ni da ɗana

Akwai wani wasa da Turawa ke yi wanda mu nan ba mu saba da shi ba, ko da yake rabin kayansa suna zube a tsakar gidajenmu. Mutum biyu ke zama, kowa da rundunarsa ta ƙananan mutum-mutumi waɗanda ba su kai tsawon ɗan yatsa ba. A shirya fili bisa tebur, tudu nan, gulbi can, gari a tsakiya. Idan layi ya zo kanka sai ka motsa mutanenka iyakar nisan da doka ta yarda, kuma da awo ake yi, ba a yarda da ƙiyasin ido. Shekara guda ke nan muna yin shi ni da ɗana mai shekara bakwai. Ina son in gaya ma iyaye da malaman lekol yadda muka soma da abin da na gani cikinsa. Na san da jin kalmar yaƙi wasu za su ɗaure fuska, kuma suna da hujja, zan zo kanta.

Daga barikin soja wasan ya fito. A 1824 wani hafsan ƙasar Purusiya mai suna Georg von Reisswitz ya gwada ma manyan hafsoshin ƙasarsa wani wasa da mahaifinsa ya faro: taswira, da ƴan guntaye ja da shuɗi a madadin rundunoni, da alƙali a tsakani. Aka sa shi cikin horon hafsoshi, kuma bayan Purusiya ta ci Faransa a yaƙin 1870 sojojin wasu ƙasashe suka kwaikwaya. Wanda ya yaɗa shi cikin gidajen mutane shi ne marubucin nan na Ingila, H. G. Wells. A 1911 ya yi littafi kan wasannin da yake yi a ƙasan ɗaki da ƴaƴansa maza biyu, a 1913 kuma ya fitar da Little Wars, mai ɗauke da dokoki masu sauƙi na yaƙi da sojojin wasa. Yau abin ya zama babbar kasuwa. Kamfanin Games Workshop da ke Nottingham a Ingila yana saida wasan Warhammer tun 1983, da mutum-mutumin roba masu tsawon kusan santimita uku, waɗanda mai saye ne zai harhaɗa su ya yi masu fenti da hannunsa.

A Faransa na fara ganin sa, lokacin da aiki ya kai ni wani horo. Na leƙa wani shago na iske manya, wasu har da furfura, sun duƙufa suna shafa ma ƴan sojoji fenti da buroshi siriri kamar tsinke. Na duba kuɗin wani ƙaramin akwati, yuro 40. Yuro ɗaya sefa 656 ne, ke nan akwatin ya haura jikka 26, ga fenti ba a saya ba, ga littafin doka mai kauri wanda babba ma sai ya yi kwanaki kansa. Na maida akwatin inda na ɗauko shi. Dabarar kaɗai na taho da ita gida.

Da damina ta sauka muka ɗebo laka. Ba sai an koya ma yaron ƙasar nan gina dokin laka ba, a wurin ƴan'uwansa yara yake koyo, kuma nashi sun fi nawa kyau nesa ba kusa ba. Dakaru kuwa guntayen kara muka yanka, muka kafa kowane cikin ɗan curin laka don ya tsaya, muka ɗaura masu ƙyallen da muka roƙo wajen tela, nashi ja nawa shuɗi. Ya nace sai an yi ma dawakinsa lifidi irin wanda ya gani a hawan salla, sai muka naɗe su da tsumma. Tebur ba mu da mai faɗi, tabarma ta tsaya mana. Ƙoƙo a kife ya zama tudu, igiya ta zama gulbi, gwangwanin tumatir ya zama rijiya. Kayan nan duka ƙanana ne, don haka inda akwai mai rarrafe sai a jira ya yi barci, a kuma tattara komi cikin kwali bayan an gama.

Mutum biyar-biyar muka fara da su, dakaru huɗu da doki ɗaya, da doka uku kacal. Ta farko, dakare yana tafiyar gajeren kara, doki dogon kara. Ta biyu, kowane layi kana da harbi uku: ka aje marfin kwalba gefen mutuminka ka harba shi da ɗan yatsa, wanda ya kayar ya fita. Ta uku, wanda ya kai mutum biyu bakin rijiya suka tsaya nan har layi biyu, shi ya ci. Minti ashirin ya isa wasa guda. Mukan yi bayan la'asar mu naɗe tabarma kafin magariba, tun yana son ƙari.

Maganar karan awon nan tana da labari. Da gangan na ce mu fara auna tafiya da taƙi, kowa da hannunsa. Ba a yi layi uku ba ya ga mutanena sun kusa rijiya nashi suna baya. Ya kama hannuna ya ɗora nashi bisa, ya ce, “Baba, taƙinka ya fi nawa, wannan cuta ce.” Na ce to mene ne mafita? Ya yi shiru, can ya fita ya dawo da sillen kara. Muka yanka ɗaya santimita 15, ɗaya 30. Duk mushen da ya taɓa shan wahalar bayyana ma ƴan aji dalilin da ya sa ake awo da mitir ya san darajar wannan minti biyar ɗin. Daga baya na ƙara doka ta huɗu, wadda na aro tushenta wajen Wells: idan ƙungiya biyu suka haɗu gaba da gaba sai a ƙidaya, mai yawa ya kama bambancin. Biyar suka tarar da uku, an kama biyu. Yaron da ke jan ƙafa idan aka ce ya ɗauko allon lissafi, ga shi yana ɗebewa da ka tun kafin ya motsa doki.

Abu biyu na iya tsaya ma Musulmi a rai, kuma gara a faɗe su. Na farko ƙwayar lido. Yawancin wasannin yau, har da Warhammer, da ita ake yanke wanda harbinsa ya samu, alhali hadisin hani ga wasan nardu sananne ne, yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik da ake karantawa a zaurukanmu. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da ita ba bai rasa komi ba, domin wasan Wells ba ya buƙatarta. Ƴar igwar wasa mai harba guntun icce yake aiki da ita, sauran kuma ƙidaya ce. Marfin kwalbarmu jikan wannan igwar ne. Na biyu mutum-mutumi. Malamai da dama sun sassauta kan kayan wasan yara, suna kafa hujja da ruwayar Abu Dawuda cewa Nana A'isha tana da kayan wasa har da doki mai fukafukai. Namu dakarun dai kara ne, ko fuska ba su da ita.

Abin da ya fi ba ni aiki shi ne tambayar da kowane uba zai ci karo da ita tun ranar farko: in bar shi ya ci, ko in yi wasa da gaske? Idan na yi da gaske kullum zan kayar da shi, ya gaji ya bari. Idan na riƙa kuskure harbi da gangan, yaro ba wawa ba ne, wata rana zai gane, kuma daga ranar duk cin da ya yi a baya ya zama banza a idonsa. Sai na zaɓi rangwame a fili. Na ce mashi, “Ni babba ne, hannuna ya fi naka saiti. Saboda haka kai harbi uku, ni biyu, kuma da hagu zan harba. Amma ka sani, cikin wannan zan yi iyakar ƙoƙarina in ci ka.” Ya yarda. Muka ƙara da cewa duk sa'ad da ya ci sau uku a jere za a rage rangwamen.

Ranar da na fara cin sa ya fashe da kuka ya watsar da tabarmar da ƙafa, dawaki biyu suka karye. Ban daka mashi tsawa ba, ban kuma lallashe shi da cewa ai shi ya ci ba. Na ce wasan yau ya ƙare, ya tattara kayan, gobe kuma sai ya gina dawakin da ya karya kafin mu zauna. Ya kwana yana fushi da ni. Washegari na iske shi yana cuɗa laka. An yi irin haka sau biyu ko uku, kowane kukan ya fi na baya gajarta. Wata huɗu bayan nan, da kansa ya ce, “Baba, yau harba da dama.” Na harba da dama na ci shi. Ya daɗe yana kallon tabarmar, sannan ya ce da ya sani da ya ɓoye dokinsa bayan ƙoƙo.

Kakarsa ce ta ɗaga maganar da ta fi nauyi. Tana zaune tana tsinke zogala ta ji ya ce mani, “Tsaya Baba, in auna naka.” Ya ɗauki kara ya gwada tafiyar dokina, ya ga daidai, ya ce in wuce. Da ya fita ta ce, “Yanzu kai kana zaune wannan mijin nawa yana bin sawunka da kara kamar ya kama ɓarawo? Haka za ka koya mashi ladabi?” Na ce, “Inna, karan nan shi ya yanka, dokar kuma tare muka yi ta. Idan ta hau kansa ta tsallake ni, abin da zai koya shi ne doka ta marar ƙarfi ce.” Ba ta gamsu duka ba, kuma na fahimce ta, don a gidan da ta tashi ɗa ba ya tuhumar uba. Amma ban ga ladabinsa ya ragu ba. Da an naɗe tabarma yakan durƙusa ya gaishe ni kamar kullum, ya je aike ba musu. Abin da ya sake shi ne, idan na ce mashi a wani zance na gida wannan ita ce doka, ya daina yi mani kallon wanda ya ƙirƙiro ta yanzu don jin daɗin kansa.

Sai maganar yaƙin kanta. Mu ba a littafi muke jin sa ba. Ga Diffa, ga Tillaberi, ga ƙauyukan bakin iyaka na jihar Maraɗi inda dubban mutane suka gudo daga Zamfara da Sakkwato da Katsina tun 2019. Mai cewa bai kamata a maida wannan abin wasa ba, ba zan ce ya yi kuskure ba. Abin da na lura shi ne yaranmu suna wasan yaƙi ko mun so ko mun ƙi. Ku dubi lungu da marece, za ku gan su da bindigar kara, wasu soja wasu ɓarayin daji, ba doka, ba babba kusa, mai ƙarfi ne ke ci kullum. Na fi son idan za a yi, a yi gabana, da awo, da lokacin tashi. Wells kansa a ƙarshen littafinsa ya yi jayayya da yaƙin gaske, yana ganin wanda ya buga ƙaramin zai gane irin shirmen da ke cikin babban. Shekara ɗaya bayan fitowar littafin aka shiga yaƙin duniya na farko, saboda haka ba na cewa wasa zai hana komi. Iyakata abin da ke cikin gidana.

A cikin gidan kuwa na kafa sharuɗɗa. Rundunoninmu ja da shuɗi ne kawai, ba a sa masu sunan wata ƙabila ko gari ko addini. Tarihin Damagaram da ganuwarta da igwoyin Sarki Tanimun yana nan yana jiran sa, idan ya ƙara hankali za mu karanta shi a matsayin tarihi. Ba a cin wasa da ƙarar da mutanen abokin karawa, sai da riƙe rijiya, ko ƙetarar da ayarin jakuna daga wannan bakin tabarma zuwa wancan. Wanda ya faɗi mukan ce an kama shi, kuma idan an tashi kowa ya maida ma ɗan'uwansa kamammunsa hannu da hannu. Wata rana yana miƙo mani nawa ya tambaye ni ko a yaƙin gaske ma ana maidowa. Na ce wasu ana maido su, da yawa ba sa dawowa. Bai ƙara tambaya ba ranar, ni ma ban ƙara ba.

Ga malamin da ke son gwadawa a aji, ƙungiya biyu ta yara huɗu-huɗu da alƙali ɗaya mai riƙe kara sun isa, kuma a riƙa juya alƙalancin ya zagaya kowa, mata da maza. Sai dai ya san ƴan ajinsa tukuna. Idan akwai yaron da ya gudo daga harin gaske, a cire harbi gaba ɗaya, a maida wasan tseren ayari zuwa rijiya. Awon da ƙidayar da jiran layi duk suna nan ba abin da ya ragu.

Ga uba ko uwa kuma, kada a jira akwati daga Turai. Laka, kara, marfin kwalba da minti ashirin sun isa a soma, a kuma faɗa ma yaron rangwamen da aka yi mashi tun kafin harbin farko. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.