Kututturen da Muka Daina Ƙonewa

A ƙuruciyarmu a ƙasar Maraɗi, manomin kirki shi ne wanda gonarsa ta fita fes. Kafin damina a yi sassabe, a tara sabara da kalgo a cinna musu wuta, ko tsiro ɗaya ba a bari. Dokar gandun daji ma ba ta taimaka ba. Itace na gwamnati ne, in ka sare reshe a gonarka sai ma'aikacin daji ya ci ka tara. To wa zai reni abin da ba nasa ba?

Sai ga farin 1973, ga na 1984. Iskar farkon damina ta riƙa binne shuka da rairayi, sai mutum ya sake shuka gero. Mata suka koma girki da kara da kashin shanu, abubuwan da gona ke jira su zama mata taki.

A waɗannan shekaru ne wani ɗan ƙasar Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturan da muke sarewa duk shekara ba su mutu ba, saiwarsu na nan da rai. Daga nan aka samu sassaben zamani. Ka je wurin kututture, ka zaɓi tofo biyu ko uku masu ƙarfi, ka sassabe sauran da wuƙa mai kaifi, kana yanka daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. Da farko dariya aka yi wa masu yi, ana ce musu masu ƙazamar gona. Yau ana ƙiyasta cewa hekta miliyan 5 ta farfaɗo a Nijar ta wannan hanya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, ba hana amfani aka yi ba. Reshen da ka rage shi ne makamashin uwargida. Gawo kuwa, Allah Ya yi masa albarka, yana zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, da rani ya ba awaki 'ya'yansa. Da manomi ya tabbatar itacen nasa ne, shi ya zama mai gadinsa.

Ku 'ya'yana masu sayar da itace da gawayi, na san talauci ne ke kora ku, ban ga laifinku ba. Roƙona ɗaya: ku ɗebi reshe, kada ku tone saiwa.