Tsakiyar Jirgi da Kujerar Bayan Direba

Mu mutanen Kongolam ba mu da teku. Ruwan da muka sani shi ne na rijiya da na kududdufin damina, wanda kafin kaka ta yi nisa ya ƙafe ya bar laka. Garinmu yana bakin iyakar Najeriya da Nijar, arewa da Daura, a kan hanyar da ke ratsa Matamaye ta kai Damagaram, kuma abin da ke wucewa ta gabanmu manyan motoci ne da amalanke da garken dabbobi. Duk da haka, lalurar nan da Turawa suka laƙaba wa sunan teku mun san ta sarai. Duk uwar da za ta yi doguwar tafiya da yara ba ta manta baƙar leda da lemon tsami. Wani ya kira abin jiri, wani hajijiya, wani tashin zuciya, amma yawanci cewa ake yi wance mota ba ta karɓe ta ba, a bar maganar a nan kamar wani hali ne da aka haife ta da shi. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, kaso babba na wannan wahala yana rataye ne da wurin da aka zaunar da mutum.

Wanda ya fara koya mini haka kakana ne na wajen uwa, mutumin da sau biyu kacal ya taɓa hawa jirgin ruwa, zuwa da dawowa. Yana cikin masu aikin hajji ta ƙasa a shekarun 1950. Hanyarsu ita ce ta Kano da Maiduguri, a shiga Cadi, a ratsa Sudan, a yada zango inda guzuri ya ƙare a yi ƙwadago a gonakin audugar Jazira, har a dangana da Sawakin a bakin Bahar Maliya. Daga nan zuwa Jidda tafiyar kusan kilomita 300 ce a kan ruwa. Ya kan ce yunwa da ƙishirwa da tafiyar watanni duk bai ji su ba kamar yadda ya ji daren nan guda. Da suka shiga jirgi, shi da abokan tafiyarsa suka ruga can goshinsa suka shimfiɗa tabarmi, don su riga kowa hango ƙasa mai tsarki. Jirgi na fita daga gaɓa, sai goshin ya fara ɗagawa yana faɗawa. Kafin sallar isha'i maza majiya ƙarfi sun kwanta birjik, ba mai iya ɗaga kai, balle ya tsaya salla. Can wani dattijo Bahaushe mazaunin Sudan, wanda ya saba ƙetarawa, ya zo ya kama hannunsa ya ce, "Ɗan'uwa, tashi mu koma tsakiya. In gari ya waye, ka kafa ido inda ruwa ya haɗu da sama, kada ka dubi ƙafarka." A dawowa tun da wuri ya nemi tsakiya, kuma a ranar har ya ci abinci.

Sai da na girma na yi karatu na gane dalilin shawarar dattijon nan, kuma dalilin yana nan a kasuwarmu. Dubi sikelin mai awo. Hannayensa biyu suna hawa suna sauka, amma ƙusar tsakiya da aka rataye shi a kanta kusan ba ta motsi. Haka jirgin ruwa yake idan igiya ta dake shi ta gaba: goshi ya tashi, gindi ya nutse, sannan su yi musanye, tsakiyarsa kuwa ɗan kaɗan take ji. Iyakar nisan mutum daga tsakiya, iyakar tsawon hawa da saukar da jikinsa zai sha, kuma goshi ya fi muni saboda shi ne ke fara karo da igiya. Akwai kuma tangaɗi na dama da hagu, wanda misalinsa giginya ce a ranar iska: kanta yana kai da kawowa, gindinta yana nan daram. Don haka wanda ke hawa na goma ya fi wanda ke kusa da fuskar ruwa shan lilo. Idan aka haɗa biyun, wuri mafi natsuwa a jirgi shi ne tsakiyarsa, a hawan da ke ƙasa-ƙasa.

Shi kuwa tashin zuciyar, daga cikin kunne yake farawa. Can ciki, bayan inda ake jin sauti, akwai wasu ƙananan bututu uku masu lanƙwasa cike da ruwa, da wasu 'yan jakunkuna biyu masu ɗauke da ƙwayoyi kamar rairayi. Aikinsu su riƙa sanar da ƙwaƙwalwa ko kai ya karkata, ko jiki ya yi sama, ko ya yi ƙasa. Idan mutum yana cikin ɗakin jirgi marar taga, ido yana ganin bango a tsaye cak, kunne kuwa yana rantsuwa cewa ana lilo. Shaidu biyu sun saɓa, alƙali ya rikice. Wannan bayani na saɓanin gaɓoɓi shi ne wanda masana biyu, Reason da Brand, suka shimfiɗa a littafinsu na 1975, kuma har yau shi aka fi riƙo da shi. A 1977 wani masani, Treisman, ya kawo hasashen cewa ƙwaƙwalwa tana ɗaukar wannan ruɗani a matsayin alamar an sha guba, shi ya sa take umartar ciki ya fitar da abin da ke cikinsa. An kuma daɗe da lura cewa mutanen da wannan sashe na kunnensu ya mutu ba sa jirin jirgi. Gwajin da aka yi a Amurka a 1974 ya nuna cewa motsin da ya fi tayar da zuciya shi ne hawa da sauka a hankali, kimanin sau ɗaya cikin daƙiƙa 6, wato irin numfashin da teku ke yi. Kafa ido a inda ruwa ya haɗu da sama yana sa ido ya ga karkatar da kunne yake ji, sai shaidun biyu su daidaita.

Lalurar ba ta duba jarumta ko ilimi. Charles Darwin ya shafe kusan shekara 5, daga 1831 zuwa 1836, a jirgin Beagle, ɗakinsa yana can gindin jirgin, kuma har aka dawo Ingila teku ba ta daina kayar da shi ba. Henry Bessemer, attajirin ƙarfe, wahalar ƙetara ruwan da ke tsakanin Ingila da Faransa ta sa ya gina jirgi mai wani zaure a tsakiya wanda aka so ya tsaya daidai ko da jirgin ya karkata. A 1875 jirgin ya daki gadar tashar Kale, dabarar kuma ta mutu ba ta yi aiki ba. Masu jiragen haya sun bi hanya mafi sauƙi. Jirgin Oceanic, wanda ya fara tafiya a 1871, ya mayar da ɗakunan masu hannu da shuni tsakiya, sauran kamfanoni suka bi sahu. A Titanic, a 1912, talakawa masu tikitin daraja ta uku su aka raba tsakanin goshi da gindi: maza marasa iyali a gaba, mata da iyalai a baya. Sikeli ɗaya ne, amma kuɗi ne ke zaɓar wanda zai zauna kusa da ƙusa. A manyan jiragen yawon shaƙatawa na yau abin ya ɗan juya, domin ɗakunan sama masu baranda sun fi tsada, alhali sun fi tangaɗi. Akan sa wa jiragen wasu fikafikai a ƙarƙashin ruwa da ke rage lilon dama da hagu, sai dai ba sa hana goshi ɗagawa, shi ya sa masu saurin jiri har yau suke neman ɗakin tsakiya.

Bas ɗin da ke tashi daga garinmu zuwa Kano ta Daura da Kazaure da Dambatta tana bin wannan doka. Kujerun da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya su ne tsakiyar jirgi. Kujerar ƙarshe tana kan tayar baya ko ma ta wuce ta, duk ramin da mota ta faɗa sai ta cilla mai zama sama. A can ne zafi ya fi taruwa, a can ne warin fetur da hayaƙi suke shigowa, kuma daga can ba abin da ido ke gani sai ƙeyar mutane da buhunan kaya. Masu bincike a Jami'ar Southampton sun tambayi fasinjojin bas fiye da 3,000, suka buga sakamakon a 1999: jiri ya fi yawa a kujerun baya da kuma ga waɗanda ba sa hango hanyar da ke gaba. Direba kuwa da wuya ya yi jiri, domin shi ke juya sitiyari, jikinsa ya san kwana tun kafin a sha ta.

Yanzu a dubi yadda muke lodi a tasha. Gidan gaba na mai kuɗi ne ko mai rawani ko abokin direba. Maza su cika layukan da ke biye. Mata da yara a ce su wuce ciki, wato baya, wai don a kare musu mutunci kada a yi ta gogayya da su wajen sauka da hawa. Niyyar mai kyau ce. Sai dai mata, musamman masu juna biyu, da yaran da suka wuce shekara 2 har zuwa wajen 12, su ne aka san sun fi saurin jirin mota. Mun ɗauki waɗanda suka fi rauni mun ajiye su a bakin hannun sikeli, idan suka yi amai kuma a yi tsaki a ce raki ne.

Innata ta gaji mahaifinta a wannan lalura. Da ciwon ido ya kama ta, aka ce sai ta riƙa zuwa wani asibiti a Kano duk bayan 'yan watanni a auna ta a sabunta magani, in ba haka ba ganin zai tafi, kuma ba ya dawowa. Zuwa biyu ta yi a kujerar baya. Kowane zuwa sai ta isa a galabaice, ta amayar da ɗan kokon da ta sha da maganin hawan jinin da ta haɗiya da asuba, ta dawo gida ta yi kwana biyu ba ta iya ɗaga kai. Da lokaci na uku ya zo sai ta ce, "Ku bar ni da idona. Abin da Allah Ya rubuta shi zai faru." Ranar ta wuce, wata ma ta wuce, muna kallo tana lalubar butarta a inda ta saba ganinta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu muna ganin tafiyar sa'o'i kaɗan ce, ita kuwa ta auna makanta a hankali da azabar motar nan, ta zaɓi makanta.

Na ce zan biya mata gidan gaba, kuɗin mutum biyu. Ta dube ni ta ce, "Ni da tsufana in zauna kafaɗa da kafaɗa da direba, garin nan duka yana kallo? Ba da ni ba." Kunya ta hana gaba, jiri ya hana baya, sai ya rage layin da ke bayan direba, kujerar tsakiya, inda ake hango kwalta ta gilashin gaba. Mai kwarmin ido da wuri yake fara kuka, don haka tun da asuba na isa tasha. Ɗan kamasho ya ce, "Malam, ai layin nan na maza ne, Hajiya ta wuce ciki." Na ce masa, "Don Allah ka dube ta kamar mahaifiyarka. Baya tana kayar da ita, kuma asibiti za mu." Ya yi jim. Wani dattijo da ya riga ya zauna a wurin ya tattara babbar rigarsa ya ce, "Shigo da ita, yaro. Ni ko a kan buhu aka ɗora ni barci nake yi." Na zauna a gefenta don kada baƙo ya matse ta, muka zuge gilashi kaɗan. Ta ci gurasa 'yar kaɗan maimakon ta tafi da ciki wayam, ta riƙe citta a baki, na roƙe ta kada ta sunkuya, ta dai bi hanya da ido. Jirin bai tafi duka ba, a wajen Dambatta ta yi gumi ta yi shiru. Amma ledar ta isa Kano a naɗe, kuma da ƙafarta ta shiga wurin likita.

Tun daga ranar ba ta sake tsallake ranar asibiti ba, kuma abin da ya rage mata na gani yana nan. Da ƙanwata za ta tafi aikin hajji ta jirgin sama, Inna ce da kanta ta ce mata ta roƙi kujerar da ke saitin fiffike, domin ta ji a wurina cewa nan ne tsakiyar sikelin jirgin sama. Ni kuwa na ɗauki wata ɗabi'a da abokaina suke yi mini dariya a kanta. Duk motar da zan shiga, sai na leƙa baya tukuna. Idan na ga mai ciki, ko tsohuwa, ko yarinya ta ƙanƙame baƙar leda tun mota ba ta tashi ba, sai in tambayi ɗan kamasho ko zai yarda mu yi musanye. Wani ya yarda, wani ya ce in bar masa tsarinsa. Ranar Lahadin da ta wuce, a motar 'yan kasuwar Mai'aduwa, kafin in buɗe baki wani saurayi ya riga ni tashi.