Shirun da Aka Ɗauka Yarda Ce

A unguwar Kakuri, kudu da kogin Kaduna, akwai wani dattijo da ya yi shekara ashirin da ɗoriya yana aiki a ɗaya daga cikin masaƙun nan da suka raya unguwar tun daga 1957. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin saƙa ya san ƙarar injuna ba ta barin kowa ya ji muryar wani. Don haka shi da abokan aikinsa suka saba da ɗaga gira, da girgiza kai, da nuni da yatsa. Da haka ake neman zare, da haka kuma ake gulmar shugaban aiki.

Masaƙa ta rufe, shekaru suka ja, sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi. Harshe ya ƙi, hannun dama ya mutu, amma hankali na nan garau. Iyalinsa ba su gaza ba wajen abinci da wanka da magani, sai dai sun daina tambayarsa kome. A asibiti 'ya'yansa ake tambaya inda ke masa ciwo, alhali yana kwance yana ji. A gida kuwa, a gabansa aka yanke shawarar sayar da filinsa don kuɗin magani, aka ɗauki shirunsa yarda ce.

Ana nan sai wani tsohon abokin aikinsa ya zo dubiya, ya zauna daidai fuskarsa, ya ce, "Malam, in ka yarda a sayar, ɗaga gira kamar yadda muke yi a da." Sa'an nan ya jira. Jiran nan kuwa shi ne aikin, gama mai lafiya ba ya jure shiru, yakan yi gaggawar cike shi da nasa ra'ayin. Can sai dattijon ya girgiza kai, har sau uku.

Ba alfarma aka yi masa ba. Malaman fiƙihu sun daɗe da karɓar isharar bebe a ciniki da aure, muddin ana fahimtarta. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin naƙasassu, wadda Nijeriya ta tabbatar a 2010, ta lissafa maganar hannu da rubutun makafi da sauran hanyoyin da ke maye gurbin murya cikin sadarwa. A Ingila ma, da motsin kumatu masanin nan Stephen Hawking ya riƙa sarrafa kwamfutar da ke yi masa magana, har ya rasu a 2018.

Dattijon Kakuri ba shi da kwamfuta. Jikarsa ce ta yanko kwali ta zana kofin ruwa, da buta, da maganar zafi, da i, da a'a. Babban ɗansa bai ji daɗi ba, kuma yana da hujja, domin magani ba ya jira. Ranar da suka sake zama kan batun filin, an ɗora kwalin a ƙirjin mahaifinsu, kusa da hannunsa na hagu.