Jerin Fitilu A Sararin Sama

Wani dare bayan sallar lisha muna zaune a ƙofar gida, sai ga waɗansu fitilu sun jeru a sama kamar ayarin raƙuma, suna tafe ba ƙara. Wani ya ce alamar tashin ƙiyama ce, wani ya ce babban mutum zai rasu. Gabana ya faɗi, da gari ya waye kuwa ni na kai maganar kasuwa.

Daga baya na tabbata taurarin ɗan Adam ne na Starlink, waɗanda kamfanin SpaceX na Amurka ya harba guda 60 a tashi ɗaya cikin Mayun 2019, ya kuma ci gaba da harba waɗansu. Hasken rana ke dukansu can sama alhali mu duhu ya rufe mu.

Kunya ta kama ni. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu an yi husufin rana, mutane suka danganta shi da rasuwar. Annabi ya hana su, ya umarce su da salla da addu'a.

Jama'a, in ido ya ga abin mamaki, a tsare baki sai an bincika. Allah Ya gafarta mana.