Kwana Biyu A Kujama: Aikin Raya Gidan Kakanmu

Ranar wata Asabar, ana saura kamar mako shida damina ta sauka, na yi sammako daga Tudun Wadar Kaduna na nufi Kujama, domin amsa kiran baffana, wanda ya aiko mini har sau uku cewa in zo in gane wa idona abin da ake yi da kuɗin da muke tarawa. Maganar gaskiya ba da son raina na tafi ba. Ina cikin 'yan gidanmu da suka ce a sayar da wurin a raba kuɗin kowa ya huta, har ma na riga na shirya abin da zan faɗa wa sauran in na komo.

Ga wanda bai san hanyar ba, in ya ƙetare gadar Kogin Kaduna ya bi ta Sabon Tasha, sai ya kama hanyar Kachiya. Zai wuce matatar mai wadda aka buɗe cikin 1980, sa'an nan Mararrabar Rido, kana ya iso Kujama, watau hedkwatar Ƙaramar Hukumar Chikun. In ya zarce kuwa sai Kasuwan Magani, da Kufana, da Idon, da Kachiya, har ya dangana da Zonkwa da Kafanchan. Sa'ad da muke yara, da an bar matatar nan a baya ba abin da ido zai gani sai gonakin dawa da duwatsu da itatuwan ɗorawa. Yanzu gidajen bulo ne jere, da harsasan da aka haƙa aka bari, da allunan masu sayar da filaye. Birnin Kaduna yana ta matsowa, kuma wannan matsowa ita ce tushen gardamar gidanmu, domin gonar da a dā ba mai taya ta, yau dillalai suna yi mata lissafi fuloti fuloti.

Gidan yana wata 'yar unguwa ce bayan gari, tafiyar babur kaɗan daga bakin titi. Kakanmu Bazazzagi ne, fatauci ya kawo shi tun kafin samun mulkin kai, ya sauka wurin Gbagyi, waɗanda muka saba kira Gwarawa, su ne kuwa masu ƙasar nan tun kafin Turawa su mai da Kaduna hedkwatar Arewa cikin 1917. Mai unguwarsu ya yanka masa daji, aka nuna masa iyaka da baki: daga tsamiya zuwa rafi, daga rafi zuwa wani faffaɗan dutse. Ya gina zauren soro irin na Zariya, ko da yake an gaya masa ruwan nan ya fi na can yawa, sauran ɗakunan kuwa ya yi musu jinka kamar na maƙwabtansa, ya kafa rumbu uku, ya haƙa rijiya.

Cikin 2021 aka rufe gidan. Masu karatu ba su manta da halin da ƙasar Chikun ta shiga a shekarar nan ba, musamman ranar 5 ga watan Yuli da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 120 daga makarantar Bethel Baptist da ke Damishi, kusa da Kujama. Bayan wannan baffa ya tattara iyalinsa ya koma Kaduna, kamar yadda manoma da yawa suka yi, Kirista da Musulmi. Damina uku gidan ba kowa ciki. Sai cikin ranin 2024 babban ɗansa ya yi ƙundunbala ya koma, shi da matarsa da awaki huɗu, ya share ɗaki guda ya zauna.

Na taɓa jin ana cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi, amma ban san karin maganar nan tana da ma'ana ta zahiri ba sai da na tsaya ƙofar zauren nan. Katangar gabas ta zube har ƙasa, rumbu biyu sun zama tsibin ƙasa, gabaruwa ta tsiro tsakar gida inda kakarmu take shanya. Ina tsaye sai ga magini ya fito, wani dattijo da baffa ya ɗauko daga Zariya, ya ba shekara 70 baya. Muka gaisa, na ce, "Baba, ai na ɗauka zan tarar an ta da katangar nan." Ya dube ni ya ce, "Malam, ba katanga ce ta fara ciwo ba. Zo in nuna maka."

Ya zagaya da ni bayan gida. Ashe kwana biyun farko da ya zo bai taɓa ko tubali ɗaya ba, zagaye kawai ya yi ta yi yana duba inda ruwa ke bi. Kakanmu ya haƙa wata 'yar lambatu da ke karkatar da ruwan da ke gangarowa daga tudu ta kai shi kududdufin da aka ɗebi ƙasar ginin. Da aka bar share ta sai ta cike, ruwa ya koma yana kwanciya gindin bango, ya ci shi daga ƙasa. A bisa kuma indararo ya toshe da ganye, ruwa ya taru kan soron ya jiƙa azara. Saboda haka ya fara da lambatu, sa'an nan indararo, sa'an nan ya tara wa gindin bango ƙasa ya daddaɓe ta da gangare. Ya ce katangar gabas ita ce ta ƙarshe, kuma ita za a fi kashe wa makuba, domin daga gabas hadari ke tasowa ya doki gini.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne simintin gaban zauren. Mahaifina ne ya sa aka shafe shi lokacin da ya fara ɗaukar albashi mai kauri, mu kuwa muna alfahari da shi, don a unguwar duka zaurenmu kaɗai ke da siminti. Maginin ya ƙwanƙwasa shi da ƙotar gatari, sai ya yi ƙara kamar ganga. Ya ɓamɓare ɗan gefe, sai ga gara ta yi gida a ciki, bangon ya zama gari. Bayaninsa shi ne, ginin ƙasa yana shan raɓa yana fitarwa, siminti kuwa ba ya barin damshi ya fita, kuma ba ya manne wa ƙasa har abada. Da ya tsage kaɗan ruwa ya shiga, shi ke nan, waje lafiya lau, ciki yana ruɓewa. Yaɓen ƙasa in ya lalace kowa yana gani, a gyara shi da wuri. Ya ƙara da cewa ginin ƙasa ba ya yafe sakaci ko na wane ne, ya tuna mini da Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani tun zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda wani sashe nasa ya rufta cikin Agustan 2023 har aka yi asarar rayuka.

To, a nan ne na fahimci abin da baffa yake so in gani, wanda ba ya faɗuwa ta waya. Kome na gidan nan daga gonar ya fito. Ƙasar tubali daga kududdufi, ciyawar da ake kwaɓa ta da ita daga bakin gona, jinka daga fadama, azara daga giginyun bakin rafi, makuba kuwa daga ɗorawa. In an fasa 'ya'yan ɗorawa an cire gari an cire kalwar daddawa, ɓawon nan da ya saura shi ake jiƙawa har ruwan ya yi ja, a kwaɓa ƙasa da shi a shafe bango, ruwan sama ya riƙa zamewa. Kakanmu bai taɓa sayen ko ɗaya cikin waɗannan ba. Amma cikin shekarun da ba kowa, masu gawayi sun shiga, daga ɗorawa 11 sun bar mana 4, kaɗanya ko ɗaya ba su bari ba, giginyun ma wani ya sare. Sai ga mu muna sayen ɓawon ɗorawa a kasuwa buhu buhu, muna sayen azara daga nesa da kuɗin mota, alhali giginya ba a shuka ta yau a ci moriyarta cikin shekara goma. Rabin kuɗin da muka tara nan ya tafi, ni kuwa ina Kaduna ina zargin an yi almubazzaranci.

Da yamma ɗan baffa ya zagaya da ni gonar. Sashen tudu ya gaji ƙwarai, tofa ta mamaye shi, inda ya gwada masara bara kuma wuta-wuta ta fito ta shanye ta. Wani malamin gona ya ba shi shawara ya bar masara a wurin tukuna ya sa waken soya, domin saiwarsa tana sa irin wuta-wuta ya tsiro amma bai sami abin kamawa ba sai ya mutu, ga shi kuma tana ƙara wa ƙasa ƙarfi. In ya komo ga masara sai ya nemi irin da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar mai jure wa wannan ciyawa. Wajen gangare kuwa zaizaya ta fara yanka kwazazzabo, zurfinsa ya kai ƙugu. Ya jera duwatsu a gicciye a wurare biyar, ya dasa jema a bayansu, ya kuma juya kunyoyinsa suka gitta gangaren maimakon su bi shi. Taki ne babbar matsala. A zamanin kakanmu Fulani kan sauka gonar da rani, shanunsu su ci kara su bar kashi, a rabu da godiya. Yanzu tsoro ya shiga tsakani, kowa yana ɗari-ɗari da kowa, ko da yake ya ce akwai wani Ardo da suka san juna tun na iyaye, suna magana.

Wani abu ya burge ni. Kututturan da masu gawayi suka bari duk sun yi toho, shi kuwa bai tumɓuke su ba. Kowanne ya zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi ya bari, ya datse sauran. Ya ce wani ɗan ci-rani daga Maraɗi ya koya masa, can suna kiransa sassaben zamani. Wannan dabara ta bazu a ƙasar Maraɗi tun wajen 1983, da taimakon wani mutumin Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, kuma masana sun ƙiyasta ta mai da itatuwa kan hekta miliyan 5 a Jamhuriyar Nijar. Hikimar ita ce saiwar tsohuwar bishiya tana nan da ranta a ƙasa, tohonta ya fi dashe saurin girma, ba ya kuma bukatar ban ruwa. In ta yi aiki a Maraɗi mai ƙarancin ruwa, ban ga abin da zai hana ta a Kujama ba, muddin an tsare tohon daga awaki da gobarar hunturu.

Washegari muka je gai da maƙwabcinmu, wani tsoho Bagbagyi wanda mahaifinsa ne ya yanka wa kakanmu dajin. Shi bai gudu ba. Da ya ga gonar za ta zama ta kowa, sai ya sa 'ya'yansa suka noma sashen fadama, don a san tana da mai ita, da ɗan baffa ya komo kuma ya mayar masa ba tare da wata magana ba. Ya kama hannuna ya ce, "Jikan Malam, ku yi takarda tun ina da rai. Tsamiyar nan an sare ta, ni kaɗai na san inda take." Gaskiya ya faɗa. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha ga Gwamna bisa amana, ta kuma amince da haƙƙin wanda ke noma gonarsa ta gargajiya, amma ranar da gardama ta tashi shaida ake nema. A Jihar Kaduna hukumar KADGIS, wadda aka kafa zamanin Gwamna Nasiru El-Rufa'i, ita ke ba da takardar mallaka. Mu kuwa shekara da shekaru muna riƙe da gona bisa shaidar bishiya da dutse da tsoho ɗaya. Ko masu son sayarwa cikinmu ya kamata su gane ba su da abin sayarwa sai an yi wannan.

Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, daren da na kwana can barcina kaɗan ne. Ko kare ya yi haushi sai na tashi zaune. Masu cewa a sayar suna da hujjarsu: akwai marayu cikinmu da ke bukatar kuɗin makaranta, kuma ba wanda zai iya rantsuwa cewa abin da ya faru ba zai sake faruwa ba. Can gaba kusa da Kajuru akwai ginin nan na dutse da wani Bajamushe ya yi cikin shekarun 1980, wanda baƙi ke zuwa kallo. Irin wannan ko an rufe shi shekara biyar za a tarar da bangonsa tsaye. Namu kuwa sai da mutum a ciki, mai share lambatu kafin ruwan fari, mai hawa soro ya duba tsaga bayan kowane hadari, mai sabunta yaɓe in kaka ta yi. Kuɗin da muke aikowa daga birni ba su yin ko ɗaya daga cikin waɗannan, ɗan baffa ne ke yi, kuma har yanzu ba mu yanka masa ko kwabo na wahalarsa ba.

Kafin in taso na gaya wa baffa abu biyu zan kai wa taron gida: a auna gonar a yi mata takarda bana, tsohon nan yana tsaye a wurin, sa'an nan a ba mai zaman gidan amfanin fadama duka har shekara biyar kafin a sake ta da maganar sayarwa. Bai ce mini kome ba, sai ya sa aka ƙunsa mini daddawa daga ɗorawa huɗun da suka saura. Maginin ya rako ni bakin hanya yana lissafin azara shida da suka rage a saya, ya ce in ba su iso cikin mako biyu ba, sai dai a rufe zauren da tamfol a jira wata shekara.