Rufin Ɗakin Inna

Ina aji a Garwa, ina tsaka da rubuta darasi a allo, waya ta yi ta ruri a aljihuna har sau huɗu. Da na fita na duba, ƙanwata ce daga Kaele. Ko sallama ba ta tsaya yi ba, sai cewa ta yi, "Yaya, iskar jiya ta ɗauke rufin ɗakin Inna." Na tambaye ta ko wani ya ji ciwo, ta ce babu, Allah Ya kiyaye, suna kwance a tsakar gida saboda zafi lokacin da abin ya faru. Kwanon dai an tsinto shi a gonar maƙwabta, ya nannaɗe kamar tabarma.

Wanda ya san arewacin Kamaru ya san wannan iska. Ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, bayan an sha zafin da ke wuce digiri 40, hadari kan haɗo daga gabas, ƙura ta yi jawur, iska ta riga ruwa isowa. Sau da yawa ma ruwan ba ya zuwa, sai dai washegari a tashi ana tsintar kwano a kan darbejiya. Shi ya sa za ka ga rufin gidaje da dama an jera masa duwatsu da tsofaffin tayoyi.

Wannan rufi mahaifinmu ne ya yi shi a 1993, da ribar goro da kayan koli da yake kaiwa kasuwar Dumru. Har ya koma ga Allah yana alfahari da cewa ya riga faɗuwar sefa sayen kwanonsa, domin a Janairun 1994 aka karya darajar kuɗin da rabi, kayan gini suka yi tashin gwauron zabo. A zamaninsu, a wannan yanki na auduga, in aka ce wane ya yi ɗakin kwano an gama yabonsa. Manomi kan jira Sodecoton ta biya kuɗin auduga, ya sauke jinka ya ɗora kwano, duk ƙauye a san bana ya samu. Don haka a wurin Inna abin ya fi ƙarfin asarar dukiya. Shi ne babban abin da ya rage a gidan wanda hannun mijinta ya taɓa.

Daren nan na kira yayanmu da ke Amurka. Shekararsa goma sha ɗaya a Maryland yana tuƙin babbar mota. Kafin in gama bayani ya ce, "Kada kowa ya sa ko dala, ni zan yi. Amma ba za a sake mayar da wannan gwangwanin a kan tsohuwa ba." Sai hotuna suka fara shigowa wayata. Gidan da yake haya ne, da rufi mai launin toka, falle-falle a jere kamar ɓawon kifi. Ya ce sunansa shingil, kuma yawancin gidajen Amurka da shi aka rufe su. Ba ya ƙara in ana ruwa, ba ya tsatsa, ga kyan gani. Gaskiya ni ma ya burge ni. Na kwana ina hango gidanmu da irin wannan rufi a tsakiyar unguwa, mutane suna ratsowa don su kalla.

Na fara bincike a Garwa. Shaguna uku na farko ba su ma gane abin da nake nufi ba. A na huɗu mai shagon ya shiga ciki ya fito da falle ɗaya da ya yi ƙura, ya ce ragowar aikin wani otal ne, in ina so sai an yi oda daga Duwala, kuma daga can ma shigo da shi ake yi daga waje. Na juya shi a hannuna. Wata shimfiɗa ce ta zaren gilashi da aka jiƙa da kwalta, aka barbaɗa mata tsakuwa ƙanana a sama. Ya bar mini shi a kan ɗan kuɗi kaɗan, na sa a jaka, ranar Juma'a na hau mota ta Figil da Magada na nufi gida.

Na tarar Inna ta koma ɗakin ƙanwata da kayanta. Ɗakinta kuwa yana buɗe, ka tsaya a ciki ka ga sama. Ta karɓi fallen ta shinshina, ta ce, "Yo wannan ai tabarmar kwalta ce. Titi za a shimfiɗa mana a ka?" Muka yi dariya. Yayan namu ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa, don haka sai ta ƙara da cewa, "In dai shi wancan ya ce a yi, a yi. Mai kuɗi ai shi ke da magana." Na san Inna. In ta ce a yi da irin wannan murya, to akwai magana a ƙasa.

Da safe na ɗora fallen a kan katanga, a rana, na tafi kiran kafinta. Dattijo ne ɗan ƙabilar Mundang, shi ya yi wa Baba aikin farko yana saurayi, muna magana da shi da Fulatanci kamar yadda aka saba a garin. Bai ko kalli shingil ɗin ba da farko. Tsani ya sa ya hau bango, ya ɓalle guntun katakon da ya rage, ya murtsuke shi da yatsu ya zama gari. Ya ce, "Metir, kwano bai yi laifi ba. Gara ta cinye katako, ƙusa ba ta da abin kamawa. Kuma da ma can ba a ɗaure rufin da bango ba, nauyinsa kawai ke riƙe da shi. Na gaya wa mahaifinka a lokacin, ya ce kuɗi sun ƙare."

Nan jikina ya yi sanyi. Shekara biyu da suka wuce Inna ta ce mini tana ganin garin katako yana zubowa a kan gadonta. Na ce mata in an yi hutu zan duba. An yi hutu huɗu ban duba ba. Ban faɗa wa kafinta wannan ba, ban kuma faɗa wa Yaya ba sai daga baya.

Bayan azahar muka koma kan fallen da na shanya. Ya yi laushi, yana warin sabon titi, da na danna babban yatsa sai ga shaida ta fito. Na san ba a yanke wa kaya hukunci da gwajin wuni ɗaya a kan katanga, kuma akwai garuruwa masu zafi a Amurka da ake rufi da shi. Amma dattijon ya lissafo mini abubuwan da suka fi wannan nauyi. Shingil ba ya tsayawa da kansa kamar kwano, sai an shimfiɗe rufin gaba ɗaya da falankin katako, a sa wata shimfiɗar hana ruwa, sannan a bi shi da ƙusa falle bayan falle. Ya ce, "Garar da ta ci katako goma, ka kawo mata ɗari. Ai walima ka shirya mata." Na biyu, yana son rufi mai gangara sosai, namu kuwa kusan a kwance yake, sai an sake fasalin ginin. Na uku, shi bai taɓa bugawa ba, bai kuma san wanda ya taɓa ba daga nan har Yagwa. In falle biyar suka tashi a watan Agusta, wa za a kira, a wane shago za a samo madadinsu?

Kwano kuwa ko yaron kafinta ya san shi. Na alminiyam ma a ƙasar nan ake yin sa. Tun 1957 masana'antar Alucam ke narka alminiyam a Edeya, a bakin kogin Sanaga, a can kuma ake murza shi ya zama fallaye. A kawo shi Gaundare inda layin dogo ya ƙare, manyan motoci su ƙaraso da shi arewa. A nan ba a cika cinikinsa da bandir ba kamar a Kano, da falle ake yi da tsawon mita, kaurinsa kuma da kashi goma na milimita: akwai 3/10, akwai 5/10, akwai 6/10. Na 3/10 shi ne na talaka, ka jingina masa tsani ya lotsa. Alminiyam ba ya tsatsa irin ta kwanon ƙarfe, amma yana da taushi, iska na iya yage shi ta wurin ƙusa in ba a sa masa wadda ta dace da ’yar robarta ba.

Aibinsa kuma ba ɓoyayye ba ne, a ƙarƙashinsa na girma. A watan Afrilu ɗakin kwano marar silin tanda ne. In ruwa ya sauko da ƙarfi, sai ka yi ihu kafin na kusa da kai ya ji. Kakanninmu da suka yi soro da azarar giginya, da maƙwabtanmu masu jinka, sun fi mu sanyin ɗaki, wannan ba abin musu ba ne. Sai dai soro yana son yaɓe duk shekara, giginya ta yi wuya, jinka kuma ga gobara. Na ɗan yi tunanin zuba dakin na kankare tunda ga simintin Figil kusa, kafinta ya ce bangon tubalin ƙasa ba zai ɗauka ba, maganar ta mutu a nan.

Da dare ina zaune da Inna a tabarma, na ce, "Inna, ki faɗa mini gaskiya, me kike so?" Ta daɗe tana jan carbi. Sannan ta nuna durom uku da randunan da ke jere a gindin bango. Ta ce duk damina da ruwan indararo take cika su, da shi ake wanki da wanka da girki, a huta da layin famfo wata huɗu. "Ruwan da ya bi ta kan kwalta, wa zai dafa tuwo da shi?" Ni da nake ta lissafin katako da gangara, wannan bai taɓa faɗo mini ba. Can kuma ta ce, a hankali, tun rasuwar Baba ba ta samun barci sosai, amma daren da ruwa ke dukan kwano takan yi barci har asuba.

Faɗa wa Yaya shi ne aiki. Na jero masa hujjoji kamar ina gaban allo, wanda kuskure ne. Ya saurara har na gama, ya ce, "Wato ni da na bar gida ban san komai ba ke nan. Ku yi yadda kuka ga dama." Ya kashe waya. Kuɗin sun shigo bayan kwana biyu, cif yadda ya yi alkawari, ba tare da ko gaisuwa ba. Mako uku ba ya ɗaukar kirana. Ga damina tana matsowa, ga Inna kullum tana tambaya ko mun yi magana da wancan.

Ƙanwata ce ta fahimtar da ni. Ta ce, "Yaya, kai ba ka gane ba. Bai samu zuwa jana'izar Baba ba saboda takardu. So yake ya yi wani abu da za a gani a ce shi ya yi." Sai na rubuta masa dogon saƙo, ban sa hujja ko ɗaya a ciki ba. Na gaya masa maganar garin katako da na yi sakaci da ita, na ce rufin nan ni na jawo tashinsa. Na gaya masa abin da Inna ta ce game da barci. Na kuma ce zafin da yake jiye mata gaskiya ne, akwai maganinsa, amma ya fi ƙarfin albashina. Washegari ya kira. Bai ambaci saƙon ba, tambaya kawai ya yi, "Nawa ne silin ɗin?"

Aka ƙara wa bango layi uku na bulo don ɗaki ya yi tsawo, aka zagaye shi da ɗamarar kankare, aka dasa rodi a ciki aka lanƙwasa shi a kan kowane katako. Katakon kuma sai da aka shafe shi da baƙin mai da maganin gara. Muka sa kwanon alminiyam 5/10, na tsaya a shagon da kaina ana aunawa, don an taɓa sayar wa wani abokina 3/10 da sunan 5/10. Aka yi silin, aka bar ƙananan tagogi masu raga tsakaninsa da kwano don zafi ya sami hanyar fita. Yaya ya dage sai an yi baranda mai faɗi ta yamma, kuma sai kwano mai launin toka irin na gidansa. Kafinta ya ce fari ya fi korar rana. Na ce a sa tokar a baranda, farin a kan ɗaki. Kuɗi sun zarce lissafi, na sayar da babur ɗina na cike, ban gaya wa kowa ba.

Tsohon kwanon Baba, Inna ta hana a sayar wa masu gwangwan. Ta sa yara sun buge shi ya miƙe, aka rufe garken awaki da wurin girki da shi.

An gama aiki ranar Laraba a tsakiyar Yuni, ruwa ya sauko daren Asabar. Ɗakin ya fi da sanyi, ko da yake a Afrilun da ya biyo baya duk da haka a tsakar gida suka riƙa kwana. A daren ruwan farkon ina gida. Na kira Yaya, lokacin yana wani wurin hutawar direbobi da rana tsaka, na miƙa wa Inna wayar. Ta ce, "Kana ji?" Ta ɗaga wayar sama wajen silin, ta riƙe ta a haka har hannunta ya gaji, sannan ta miƙo mini ta ce in je in duba ko an buɗe murfin durom na uku.